Jarumin da ya fi ba da dariya zai bar shirinmu: yaya za mu yi sallama da shi?

Wani matashi da ke rubuta shirin barkwanci mai dogon zango a nan Jos, wanda suke ɗorawa a YouTube duk mako, ya aiko da tambaya. Ya ce wanda yake fitowa a mai shayin unguwa, kuma shi ne masu kallo suka fi so, ya samu aiki a Abuja, bayan Sallah zai tafi. Furodusa ya ce a kashe mai shayin a labarin, a hatsarin mota, a huta. Darakta ya ce a nemo wani a ba shi hular da butar a ci gaba. Wasu kuma sun ce a yi shiru kawai, mutane za su manta. Yana so ya san wanne ya fi.

Ƙanena, a cikin ukun nan babu wadda zan ba ka. Abin da nake so ku yi shi ne ku yi wa mutumin nan sallama a gaban kyamara, ya tafi da ƙafarsa, da halin nan nasa da aka san shi da shi, sauran 'yan unguwa su raka shi. Zan gaya maka dalili, sannan in gaya maka yadda ake rubuta shi, don a nan ne aikin yake.

Shirin barkwanci ba kamar shirin soyayya ko na ramuwa ba ne. A waɗancan labari ne yake jan mai kallo, yana so ya ga wa za ta aura, wa zai ci gado. A barkwanci kuwa labarin kowane mako yana ƙarewa ne inda ya fara: mai shayi ya ƙulla wata dabara, ta warware masa, gobe ya sake kafa tebur. Mai kallo ya san haka, kuma ba ya damuwa, don ba labarin ya zo gani ba, mutanen ya zo gani. Ya saba da su ne har suka zama kamar 'yan majalisarsu. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Mu a Jos mun fi kowa sanin wannan. A nan aka ɗauki shirin talabijin na Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, kuma har Allah ya ɗauki ran Sadiq Daba a 2021 akwai masu kiransa Bitrus, kamar yadda ake kiran Kasimu Yero da Uncle Gaga har rasuwarsa a 2017. Usman Baba Pategi kuwa mutane da yawa sai da ya rasu a 2023 suka ji sunansa na yanka, Samanja suka sani. To mutumin da ya zauna a zuciyar jama'a haka, ba a zare shi daga shiri kamar ana canza labule.

Bari in fara da shawarar darakta, don ita ce ta fi kama da hikima. Canza fuska yana yiwuwa, amma a shirin da labari ke ɗauke da nauyi. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022 aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an yi ta muhawara, amma shirin ya ci gaba, saboda mutane suna so su ga ƙarshen labarin Sumayya ko wace ce ta sa kayanta. A barkwanci abin ya sha bamban. Dariyar ba a rubutunka take ba kaɗai, tana cikin yadda yake ɗaga gira, da ɗan jinkirin da yake yi kafin ya ba da amsa, da yadda yake riƙe kofi yana sheƙa shayi daga sama. Waɗannan nasa ne, da su zai tafi Abuja. Duk wanda ka ɗora a wurin, ko ya kwaikwaye shi a ce bai iya ba, ko ya yi nasa a ce ba shi ba ne. A Amurka, shirin The Fresh Prince of Bel-Air ya canza mai fitowa a 'yar uwar mahaifiyar Will Smith a 1993, Daphne Maxwell Reid ta gaji Janet Hubert, kuma har yau masu kallo suna rabuwa biyu a kan maganar, alhali ba ita ce ma ginshiƙin dariyar shirin ba. Papa Ajasco, na shirin barkwancin nan na gida Najeriya, ya jure canji fiye da haka, amma ka tuna shi tun kafin ya zo talabijin zane ne a mujallar barkwanci ta Wale Adenuga, wato sanƙon kansa da tumbinsa da zaninsa sun riga ɗan wasan zuwa. Duk da haka, bayan Femi Ogunrombi ya riƙe matsayin na wani lokaci, Abiodun Ayoyinka, wanda ya fara riƙe shi, shi ne ya dawo. Mai shayinku ba zane ba ne. Wannan yaron ne ya haife shi a gaban kyamararku.

Shawarar a yi shiru ba sai na daɗe a kanta ba. Ko a da, lokacin da kashi yake wucewa sau ɗaya a NTA ba a sake ganinsa, mutane ba sa mantawa. Balle yanzu da tsofaffin kashinku suna nan a YouTube, kuma ƙarƙashin kowane sabo za a cika muku da "ina mai shayi?" Rainin hankali ne ga wanda ya sa kuɗinsa ya sayi data don ya kalle ku.

Sai maganar kisa. Na san abin da ya sa furodusa yake sonta: ba ta da tsada, sin ɗaya, wato fitowa ɗaya a gaban kyamara, ta isa, kuma kashin zai samu masu kallo. Amma ka tambaye shi abin da zai biyo baya. Shirinku a unguwar Hausawa yake. In mai shayi ya mutu, akwai jana'iza, akwai zaman makoki, akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a gidajen da suke yi. In kun ba shi mata a labarin, ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Akwai marayu, akwai rabon gado, akwai bashin da yake bin mutane da wanda ake bin sa, kuma bashin mamaci ba abin wasa ba ne a wurinmu. In kun bi duk wannan da gaskiya, shirinku ya daina zama barkwanci har tsawon zango guda. In kuma kun tsallake, kuka dawo mako mai zuwa ana ƙyaƙyata dariya a bencin da yake zama, masu kallo za su ga 'yan unguwar nan ba su da zuciya, kuma daga ranar sun daina son su. Marubucin Amurka yana iya binne mutum a sin ɗaya ya wuce. Kai al'adar da kake rubutu a cikinta ba ta ba ka wannan damar ba.

Za a ce maka ai M*A*S*H ya yi. Gaskiya ne, kuma ya kamata ka san yadda aka yi. Shiri ne na barkwanci a kan likitocin sojan Amurka a yaƙin Koriya. A 1975 McLean Stevenson, mai fitowa a Kanal Henry Blake, ya bar shirin. Kashin gaba ɗaya murna ce, an sallame shi daga soja zai koma wurin iyalinsa, aka yi walima, aka yi bankwana, ya hau jirgi. A sin ta ƙarshe likitoci suna tsakiyar tiyata, sai akawunsu ya shigo da takarda ya karanta cewa an harbo jirgin a kan Tekun Japan, babu wanda ya tsira. Ba wanda ya ajiye wuƙa, aka ci gaba da aiki. Yawancin 'yan wasan ma ba su ga wannan shafin ba sai dab da ɗaukarsa. Masu kallo sun fusata, wasiƙu suka yi ta zuwa. Amma marubutan suna da hujja: shirinsu a kan yaƙi yake, kuma a yaƙi ba kowa ke komawa gida ba. Mutuwar ta faɗi abin da shirin yake faɗa tun farko. To kai, me hatsarin mota zai faɗa game da shirinka? Ba komai, sai dai cewa ɗan wasa ya samu aiki.

Akwai kuma kisan da ake yi don huce haushi, kuma shi na fi jiye muku tsoro, don na ga yadda ran furodusa yake ɓaci in jaruminsa ya ce zai tafi. Da aka kori Charlie Sheen daga shirin barkwancin Amurka Two and a Half Men a 2011, sai aka ce jirgin ƙasa ya take wanda yake fitowa a matsayinsa a Faris, aka kuma mayar da jana'izarsa wurin da tsofaffin 'yan matansa suke zaginsa. Rigimar bayan kyamara ce aka kawo gaban kyamara. Mai kallon da ya yi shekara takwas yana son mutumin, shi aka hukunta.

Wuri ɗaya ne nake yarda mutuwa ta shiga barkwanci ba gardama: in ɗan wasan da kansa ya rasu. Da John Ritter ya rasu a Satumbar 2003 ana tsakiyar ɗaukar shirin Amurka 8 Simple Rules, sai aka sa uban gidan da yake fitowa a matsayinsa ya rasu a labarin, aka ɗauki kashin ba tare da 'yan kallo a zauren ba, iyalin suka yi makokinsu. Wannan girmamawa ce. Naku kuwa yana nan da ransa da lafiyarsa, Allah ya ƙara masa, tsakaninku da shi tafiyar rabin yini ce a mota.

Yanzu ga aikin. Abu na farko, dalilin tafiyar ya fito daga cikin halin mai shayin, kada ya faɗo daga sama. Koma ka kalli tsofaffin kashinku da biro a hannu. Me yake yawan faɗa yana so? Ko yana cewa wata rana zai buɗe kanti a garinsu? Ko akwai yarinyar da ya daɗe yana tara sadakinta ana yi masa dariya? Ko tsohuwarsa da yake waya da ita kullum tana cewa ya dawo? Abin da kuka daɗe kuna mayarwa abin dariya, shi za ku ba shi da gaske. Haka aka yi a The Office na Amurka da Steve Carell ya tafi a 2011, a zango na 7. Michael Scott, wanda Carell yake fitowa a matsayinsa, manaja ne mai sakarci, wanda tun farkon shirin abin da yake nema shi ne a so shi, ya samu iyali, shi ya sa yake takura wa ma'aikatansa su zama danginsa. Da zai tafi sai aka ba shi mace mai irin shirmensa, ya bi ta Kolorado. Masu kallo sun yi kuka, amma ba wanda ya ji an zalunce shi. Kuma ba a kashi ɗaya aka yi ba, an shimfiɗa hanyar tun makonni kafin nan. Kai ma kana da lokaci kafin Sallah, ka fara jefa maganar tun kashi uku ko huɗu kafin na ƙarshe.

Ka lura da yadda aka gina kashin bankwanar, don darasi ne. Michael ya gaya wa kowa gobe zai tafi, alhali yau ne, saboda ba zai iya jure sallama ba. Ya riƙe jerin sunaye yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin tasa sallamar, wasu da kyauta marar kan gado, wasu da shawara. Jim, ɗaya daga cikin ma'aikatansa, shi ne kaɗai ya gane, su biyun suka tsaya suna maganar abincin ranar da za su ci tare gobe, kowannensu ya san babu goben. A filin jirgi ya cire makirfon da ke jikinsa ya miƙa, Pam, wata ma'aikaciyarsa, ta iso a guje suka rungume juna, ba a ji abin da suka faɗa ba. Har minti na ƙarshe mutumin bai daina shirme ba. Wannan shi ne abin da matasan marubuta suke kuskurewa: ranar tafiya sai su mayar da sakarai malami, ya tsaya yana wa'azi a kan zumunci ana kaɗa sarewa a baya. Mai kallo bai san wannan mutumin ba. Wanda ya sani shi yake so ya yi sallama da shi.

Kai kuwa al'adarmu ta ba ka kayan aiki da Ba'amurke ba shi da su. Muna da neman yafiya, muna da rakiya, muna da guzuri da sallahu. Kuma mai shayi yana da abin da ya fi jerin sunayen Michael: littafin bashi. Da ni ne, a kansa zan gina kashin. Da asuba, cikin sanyin nan na Jos da ke sa mutum ya sa hula biyu, ya buɗe littafin nan da ya sha mai da tururi, ya rantse ba zai bar garin ba sai kowa ya biya. Ya bi su gida gida. Mai faci ya ɓuya a bayan taya. Malamin makaranta ya kawo lissafinsa da ya saɓa da na littafi, suka yi ta gardama a kan ƙwai biyu na bara. Dattijon da kullum yake cewa "rubuta" ya ce ai shi a saninsa sadaka ake ba shi. Duk wannan dariya ce tsantsa, kuma kowace tsayawa sallama ce ba tare da an ambaci sallama ba, domin kowane shafi yana tuna wa mai kallo wani kashi da ya wuce. Sai ka ajiye mutum ɗaya zuwa ƙarshe, abokin faɗansa, wanda ba su taɓa rabuwa lafiya ba. Shi ne zai zo tashar Bauchi Road da kuɗinsa cif a ƙulle a leda, da ɗan buhun dankalin Turawa na tsaraba, ya miƙa yana harararsa. Mai shayi ya ƙirga, ya ce saura naira hamsin. Ɗayan ya ce ya bi shi. Kada ka sa su faɗi abin da ke ransu. "A yafe mu" da "Allah ya yafe mana gaba ɗaya" sun isa, kuma ko su ɗin a bakin ƙofar mota, kwandasta yana buga ta.

Ka ga a wannan tsarin an bar naira hamsin a tsakaninsu. Ƙofa ce. Ran da ya samu hutu ya zo Jos, kuna da dalilin dawo da shi kashi ɗaya. Steve Carell ma ya leƙo a kashin ƙarshe na The Office a 2013, maganarsa ba ta fi jimla biyu ba, kuma ta wadatar.

Abin da ya fi bankwanar wuya shi ne makon da ke biye. Kada ku yi gaggawar cike wurin. Ku bar teburin a kife kashi ɗaya ko biyu, 'yan unguwa su rasa inda za su zauna, wani ya gwada dafa shayin ya ƙona butar. Rashinsa ma abin dariya ne, kuma yana ba mai kallo lokacin da zai saba. A wannan tsakanin kai kuma ka zauna ka tambayi kanka wane aiki mai shayin yake yi a injin shirin. Shi ne mai tayar da rigima, ko shi ne wanda ake kawo wa ƙara? Shi ne mai yaɗa gulma daga wannan gida zuwa wancan? Teburinsa ne kaɗai wurin da mai kuɗi da talaka suke haɗuwa? Aikin ne dole a samu mai yi. Mutumin ba shi da madadi.

In za ku kawo sabon mutum, ku kawo kishiyarsa. M*A*S*H ya maye gurbin Henry Blake, mai sakaci da son wasa, da Kanal Potter, tsohon soja mai tsari, wanda Harry Morgan ya fito a matsayinsa. Shirin ya ƙara shekara takwas, kuma kashinsa na ƙarshe a 1983 mutum sama da miliyan 100 ne suka kalla a Amurka. Cheers, wani shirin barkwancin Amurka, ya rasa Nicholas Colasanto da ya rasu a 1985, ya rasa Shelley Long da ta tafi a 1987, aka kawo Woody Harrelson da Kirstie Alley a sababbin matsayi, shirin ya kai 1993. Wani lokacin gaba ce take kai mutum, gobarar Titi a Jos, don sabon hali yana tilasta wa tsofaffin 'yan wasa su nuna gefen da ba a taɓa gani ba. A gida ma Village Headmaster ya ga Ted Mukoro da Femi Robinson da Justus Esiri a kujerar hedimasta, ƙauyen bai watse ba. To in mai shayinku mai surutu ne mai yafe bashi, wanda zai karɓi teburin ya zama miskili mai cewa kuɗi hannu. Ko mace mai ƙosai ta mamaye wurin, majalisar maza ta rasa yadda za ta yi da ita.

Ba zan ɓoye maka ba, masu kallo za su ragu, aƙalla da farko. The Office ya yi zango biyu bayan tafiyar Carell, aka gwada Will Ferrell na ɗan lokaci, aka kawo James Spader, aka ɗaga Ed Helms zuwa kujerar manaja, kuma yawancin masoyan shirin sun yarda bai koma yadda yake ba. In kun duba da gaskiya kuka ga duk sauran 'yan wasanku amshi kawai suke yi wa mai shayi, babu wanda zai iya ɗaukar kashi shi kaɗai, to ku yi tunanin rufe shirin da tafiyarsa, ku buɗe sabo da sabon suna da mutanen da kuke da su. Wannan ba faɗuwa ba ce. Ya fi ku ja shi zango biyu ana cewa da can ya fi daɗi.

Saura abin da ke bayan kyamara, kuma kada ka raina shi. Ku biya yaron nan duk haƙƙinsa kafin ranar ɗauka ta ƙarshe, don wanda ake riƙe wa kuɗi ba ya iya wasan bankwana, fuskarsa za ta tona. Ku rubuta a takarda cewa zai iya dawowa baƙo, da abin da za a ba shi in ya zo, da cewa sunan mai shayin da kamanninsa na shirin ne, kada gobe a gan shi a wani shirin da hular. Kafin ya tafi ku naɗi muryarsa yana waya, gajeru uku ko huɗu, za su yi muku amfani a zango mai zuwa. Ku jera ɗaukar yadda sin ɗin tasha za ta zama ita ce ta ƙarshe da zai yi da ku, domin abin da zai bayyana a fuskokin abokan aikinsa a ranar ba ka iya rubuta shi ba, kuma ku bar kyamara tana aiki bayan darakta ya ga an gama. Sanarwa kuma ta fito daga bakinsa, shi da furodusa a zaune wuri ɗaya, kafin kashin ya hau, don kada masu neman abin faɗa su ƙirƙiro muku rigimar da babu ita. Hoton da za ku sa a fuskar bidiyon kada ya nuna makara ko motar da ta kife don jan mutane. Mahaifiyar yaron nan tana da waya, kuma 'yan uwanta za su kira ta kafin su buɗe bidiyon.